Ƙugiyar jirgin ƙasa mai tururi: ƙera ƙaramarta ba wasan yara ba ne

1/ Jiya wani abokina ya leƙo wayata, ya tarar ina kallon wani dattijo ɗan Ingila yana haɗa 'yar ƙaramar ƙugiyar jirgin ƙasa a kan tebur. Sai ya ce, "Haba malam, gemai-gemai da shi yana wasan yara?" Maganar ta tsaya min a rai. Ku ɗan ba ni aron hankalinku. 🧵

2/ Matsayata ita ce: dattijon nan ilimi yake adanawa. Kuma cikin duk kayan reluwe, ƙugiya ce ta fi buƙatar irinsa, don ita ce aka fi mantawa da ita. Kowa na son hoton kan jirgi yana tuƙa hayaƙi. Ita kuwa sai ranar da jirgi ya sauka daga kan dogo ake tuna tana nan.

3/ Mece ce ita? Injin ɗaga kaya ne da ke zaune a kan ƙafafun jirgi, yana bin dogo kamar tarago. Idan jirgi ya kauce ko ya kife, ita ake jawowa ta ɗaga taragai da kan jirgin, a buɗe hanya. Amurkawa "Big Hook" suke ce mata, wato babbar ƙugiya. Kun ga mu da su bakinmu ya zo ɗaya.

4/ A farkon zamanin jirgin ƙasa da jak da katakai da ƙugiyar hannu ake wannan aiki, ƙarti suna murɗa hannu suna zufa. Amma kawunan jirgi suka yi ta ƙara nauyi, har ƙarfin mutum ya gaza. Daga shekarun 1870 kamfanonin jirgi a Birtaniya suka fara sa wa ƙugiya tukunyar tururi.

5/ Sunayen da za ka fi gani a jikinsu: Cowans Sheldon na garin Carlisle, wanda aka kafa a 1846; Ransomes & Rapier na Ipswich, 1869; sai Craven Brothers na Manchesta. A Amurka akwai Industrial Brownhoist da Bucyrus-Erie, waɗanda suka kai har ga masu ɗaga tan 250, don jiragensu sun fi girma.

6/ A Birtaniya abin ya tafi daki-daki: 'yan tan kaɗan da farko, sannan 15, 25, 36, sai masu tan 45 da aka yi da yawa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ana tsoron bama-bamai za su lalata layukan dogo. A farkon shekarun 1960 Cowans Sheldon ya kawo masu tan 75.

7/ Ga yadda take aiki. Tukunyar a tsaye take can baya, ana zuba mata kwal. Tururin yana tura silinda biyu, su kuma suna juya giya-giya. Da injin nan guda take yin abu huɗu: ta ja igiya sama, ta ɗaga ko ta sauke dogon hannunta, ta juya dama ko hagu, ta kuma taka a hankali a kan dogo.

8/ Tukunyar ba a banza aka kai ta baya ba. Nauyinta da na ruwa da kwal suna taimakawa wajen danne gindin ƙugiyar kada kaya ya rinjaye ta. Amma bayan ba zai yi tsawo da yawa ba, don idan ta juya kada ta tokare layin da ke gefe. Komai a jikinta yana da dalili.

9/ Wani abu da mutane ba su cika sani ba: idan an ce "mai tan 45", wannan nauyin sai idan kayan yana kusa da ita, kuma an zaro ƙarafan dogara ta gefe an ɗora su a kan tulin katako. Da hannun ya miƙa nesa, abin da za ta iya ɗagawa ya ragu sosai. Gwada riƙe bokitin ruwa da hannu a miƙe ka ji.

10/ Shi ya sa babban kan jirgi sau da yawa ƙugiya biyu ke haɗuwa a kansa, ɗaya gaba ɗaya baya, mutum guda yana ba da umarni. Kuskuren ɗaya ya shafi ɗayar. Kuma ba a fili mai daɗi ake aikin ba: cikin dare, cikin ruwan sama, ƙasa ta jiƙe, wani lokaci da mutane maƙale a ƙarƙashin ƙarfe.

11/ Ku tuna haɗarin Harrow and Wealdstone a arewacin Landan, 8 ga Oktoba 1952. Jirage uku suka haɗu a tasha, mutum 112 suka rasu. In ka duba hotunan wurin, za ka ga hannuwan ƙugiyoyin tururi sun yi cirko-cirko a kan tarkacen. Su da ma'aikatansu ne suka yi ta ɗaga ƙarfe har hanya ta buɗe.

12/ Dabarar da ta fi burge ni ita ce ta Wilfred Stokes na Ransomes & Rapier. Matsalar: ƙugiya mai ƙarfi tana da nauyi, gadoji da dogo kuma suna da iyakar abin da kowace ƙafa za ta ɗora musu. In ka ƙara mata ƙafafu ta yi tsawo, ba za ta iya matsowa kusa da kaya ba.

13/ Sai ya yi mata ƙananan taragai biyu, gaba da baya, masu karɓar wani kaso na nauyinta a lokacin tafiya. Da an isa wurin aiki sai a kwance su a tura gefe, ta koma gajeruwa. Shi ne dai Stokes ɗin da ya ƙirƙiro bindigar harba bom mai ɗauke da sunansa a Yaƙin Duniya na Ɗaya.

14/ Birtaniya ta daina jan jiragen manyan layukanta da tururi a watan Agustan 1968. Amma ƙugiyoyin tururi suka ci gaba da aiki, wasu har cikin shekarun 1980. An sauya wa wasu injin dizal, an yanka da yawa an sayar a kilo, 'yan kaɗan suka tsira a hannun masu adana tsofaffin layuka.

15/ To, nan masu ƙera ƙananan samfura suka shigo. Kafin mutum ya yanka tagulla ko roba, dole ya san tsawon hannun, yawan ƙafafu, ta ina igiya ta bi, ina giyar juyawa take. Sai ya bi tsofaffin zane-zanen kamfani, ya tara hotuna, ya je da tef ya auna wadda ta rage, ya tambayi tsofaffin ma'aikata.

16/ Wannan ai aikin masanin tarihi ne, sai dai sakamakonsa a tafin hannu ake ɗauka. Ba mamaki littattafan Peter Tatlow kan waɗannan ƙugiyoyi cike suke da zane bisa ma'auni. Masu haɗa samfuri suna buƙatar zanen, buƙatarsu kuma tana cikin abin da ke sa a zana, a buga, a ajiye.

17/ Ma'aunin da 'yan Ingila suka fi amfani da shi OO ne: kashi 1 cikin 76, milimita 4 a madadin ƙafa guda. Sauran duniya HO suka fi bi, 1 cikin 87. Dukkansu kan dogo mai faɗin milimita 16.5 suke tafiya, wanda ga OO ya yi kaɗan. Masu tsantseni sukan shimfiɗa nasu a 18.83. Har gardama ake a kai, sosai ma.

18/ Ga inda lissafi ke shiga. In ka rage tsawo sau 76, nauyi raguwa yake sau 76×76×76, kusan 439,000. Wato kayan tan 45 ya koma kamar giram 100. Ƙugiyar kanta ba ta da nauyin da zai ja zare ya miƙe kamar igiyar ƙarfe. Dole a yi ta da ƙarfe mai nauyi, a kuma ɓoye dalma a gindi.

19/ Ni ma na gwada, da gwangwanin madara da kwali da zaren ɗinki. Ta yi kyau a ido. Na rataya mata ƙaramin kwaɗo, ina juya hannun gefe sai ta yi adungure. Duk bayanin da na karanta kan ƙarafan dogara bai shige ni ba sai ranar. Kan jirgin wasa ko ba daidai ba zai gungura. Ƙugiya kuwa tona asiri take.

20/ Yanzu bari in yi wa abokina adalci. Eh, abin yana cin kuɗi. Eh, yau kana iya sayenta a kwali: Hornby ya daɗe yana sayar da mai tan 75 ta Cowans Sheldon, Bachmann ya fitar da mai tan 45 ta Ransomes & Rapier. Wanda ya saya ya ajiye a kanta kawai, ban ce masa masani ba. Mai tara kaya ne.

21/ Kuma samfuri ba zai maye gurbin ta gaske ba. Ba zafin tukunya, ba ƙarar giya, ba fargabar direba lokacin da ƙafafun baya suka fara ɗagawa. In za a iya ceto ƙarfen kansa, shi ne gaba. Amma ajiye ƙugiya mai nauyin sama da tan 100 sai fili da dogo da kuɗi. Zane da samfuri kuwa ɗaki ɗaya ya ishe su.

22/ Me ya haɗa mu da wannan? Turawan Ingila ne suka shimfiɗa mana dogo, ya iso Kano a 1911, kuma irin tsarin aikinsu reluwe ɗinmu ta taso a kai. Mun ga yadda tsohon ƙarfe ke ƙarewa a hannun 'yan gwangwan. Dattawan da suka yi aiki a zamanin tururi kuma kullum raguwa suke.

23/ Kuma hannun muna da shi. Wane ne a cikinmu bai yi motar kara ko ta langa-langa ba? Yaron da ya kalli tirela sau biyu ya fitar da ita da ƙaran dawa, har da ƙofa mai buɗewa, abu biyu kawai ya rasa: ma'auni, da babban da zai ce masa ci gaba maimakon "tashi ka bar shirme".

24/ Ga mai son gwadawa: tsohon dogonmu faɗinsa milimita 1,067 ne, wato ƙafa 3 da inci 6. In ka ɗauki ma'aunin 1 cikin 64, dogon wasa na milimita 16.5 ya yi kusan daidai da namu. Haka masu wannan sha'awa a New Zealand suke yi, don faɗin dogonsu ɗaya da namu.

25/ Roƙona: in kana Zariya, Kafanchan, Minna, Inugu ko Ebute Metta, ka ga tsohuwar ƙugiya ko taragonta a yadin reluwe, nemi izini tukuna. Sannan ɗauki hoto ta kowane ɓangare, ɗauki farantin da ke ɗauke da sunan kamfani da shekara, auna abin da za ka iya, rubuta kwanan wata.

26/ In kuma kana da kaka ko baba da ya yi aikin reluwe, zauna da shi ka kunna rikoda. Tambaye shi ranar da aka tashe su cikin dare, wa ke hura wuta, wa ke ba da umarni, awa nawa suka yi. Ku ajiye min abin da kuka samu a ƙasan wannan rubutu. Ni dai na koma kan tawa, wannan karon da dalma a gindi.