Wanda ya buɗe zane, shi ya kamata ya rufe shi

Matasanmu masu koyon Python a Yamai, Maraɗi da Damagaram galibi ta ƙofa ɗaya suke shiga Matplotlib: a rubuta plt.plot(), a bi shi da plt.show(), zane ya fito. Wannan ƙofa ita ce pyplot. John Hunter, wanda ya fitar da Matplotlib a 2003, ya yi ta ne da kamannin MATLAB, saboda mai bincike da ke zaune gaban kwamfutarsa yana duba alƙaluma ɗaya bayan ɗaya. A wurin ba ta da laifi. Amma a ganina, ranar da aiki ya zama manhajar da jama'a za su dogara da ita, ranar ya kamata a ajiye pyplot.

Dalili na farko shi ne pyplot tana riƙe da duk zanen da aka buɗe ta hannunta, kuma ba ta sakinsa sai an ce a rufe. Ɗauki misalin manhajar intanet mai nuna farashin hatsi, dawa da wake na kasuwanni. Duk wanda ya latsa, sai a buɗe sabon zane, a mayar da shi hoto, a aika masa. Hoton ya tafi, zanen kuwa yana nan zaune a ƙwaƙwalwar na'ura. Idan suka wuce 20, Matplotlib takan yi gargaɗi, amma wa ke karantawa? Haka za su yi ta taruwa har manhajar ta tsaya cik, a ɗora wa rezo laifi, ɗan kasuwa ya rasa bayanin da yake jira.

Na biyu, pyplot tana aiki da "zanen da ake kai", guda ɗaya tak ga manhajar baki ɗaya. Idan mutum biyu suka nemi zane lokaci guda, layin farashin Tawa zai iya faɗawa cikin zanen Gaya. Wannan ya fi tsayawar manhaja haɗari, domin zanen zai fito tsaf, babu wanda zai yi zargin ƙarya yake faɗa. Ga kuma plt.show(), wanda yakan tsayar da aiki har sai an rufe taga, alhali na'urar da ke ɗauke da manhajar ko allo ba ta da shi.

Maganin ba ya da tsada. A ƙirƙiri zanen kai tsaye da Figure(), a ciro fagen zane da fig.subplots(), a zana a kansa, a ajiye da fig.savefig(). Zanen yana hannun mai rubuta manhajar, kuma Python za ta share shi da kanta idan an gama da shi. Mai gina manhaja da Tkinter sai ya saka zanen cikin tagarsa da FigureCanvasTkAgg. Wanda pyplot ta zame wa dole, ya zaɓi Agg, mai yin hoto ba tare da taga ba, sannan kada ya manta da plt.close(fig).

Wasu malamai za su ce wannan ya yi wa ɗan koyo nauyi. Bambancin bai wuce layi biyu ko uku ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: ɗalibin da ya saba kiran zanensa da suna tun darasin farko ba zai bar shi buɗe ba ranar da aka ba shi aikin ma'aikata. Malamai, ku fara da fig da ax.