FILIN LAHIYA: Magana a ɗakin gaggawa

A manyan gidajen likita na Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai akwai ɗakin gaggawa. Dare da rana a buɗe yake. Can ake kai wanda maciji ya sara, da wanda ya faɗo daga amalanke, da wanda ya suma.

A wannan ɗaki ba a bin layi. Wanda ciwonsa ya fi tsanani shi ake fara dubawa. Ma'aikaci nagari yakan gaya wa masu jira haka, don kada su yi hushi.

Aikin likita na farko tambaya ce. Yaushe ciwon ya soma? Me mutum ya ci, me ya sha? Wane magani aka ba shi a gida? Dole a faɗi gaskiya.

Ga misali. Saurayi ya sha piya-piya, maganin ƙwarin nan, saboda baƙin ciki. Dangi suka ji kunya, suka ce ciwon ciki ne. Wannan ɓoyo yana iya kashe shi. Akwai allurar da ke karya wannan guba, amma sai likita ya san abin da aka sha. A taho da kwalbar. Kada a sa shi amai. Kada a ɗura masa nono.

In ya farfaɗo, likita ya keɓe da shi. Ba zagi, ba tsawa. Ya tambaye shi kai tsaye ko har yanzu yana son kashe kansa. Tambayar ba ta ƙara masa niyya, sauƙi take kawo masa. Baƙin cikin da ya daɗe cuta ce, kuma tana da magani. Babban gidan likita na Yamai yana da sashen masu ciwon ƙwaƙwalwa.

Wanda ya soma sambatu da zafin jiki, kada a ce iskoki ne. Sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro suna rikita hankali. Kada a ɗaure shi, kada a doke shi. A kai shi da sauri.

Su ma ma'aikata akwai nauyi a kansu. Su gai da mutum. Su yi masa magana da harshen da yake ji, ba Faransanci ba. In Bafillace ne ko Buzu, a nemo tafinta. Kafin sallama, majinyaci ya maimaita yadda zai sha magani: ƙwaya nawa, sau nawa, kwana nawa.

Wanda bai gane ba ya sake tambaya. Ba abin kunya ba ne.