Kafin a karɓi harajin mai, a rubuta shi a jikin famfo

Wannan makon gidan mai za mu leƙa, duk da mun san akwai masu cewa wannan zaure na adabi ne, me ya haɗa mu da fetur. Abin da ya haɗa mu shi ne kuɗin Adaidaita Sahun da muke biya zuwa taron ƙungiya, da kuɗin cajin wayar da muke rubutu da ita.

A watan Yunin 2025 Shugaba Tinubu ya sa hannu a kan sababbin dokokin haraji. A cikinsu akwai sashen da ya ɗora kashi 5 cikin ɗari a kan farashin mai, banda kananzir na gida da gas ɗin girki da gas ɗin mota na CNG. Da hayaniya ta tashi, har ƙungiyar ƙwadago ta TUC ta yi barazanar yajin aiki, sai gwamnati ta ce a kwantar da hankali, ba za a fara karɓa ba sai ministan kuɗi ya fitar da umarni a rubuce. Ta ƙara da cewa ai harajin ba sabo ba ne, yana cikin dokar hukumar gyaran hanyoyi ta FERMA tun 2007. Wato dai an kwantar da shi ne, ba a binne shi ba.

Mu ba mu ce kada gwamnati ta karɓi haraji ba. Duk wanda ya taɓa bin hanyar da ramukanta suka fi kwaltarta yawa ya san gyara na buƙatar kuɗi. Rigimarmu ɗaya ce: kada a karɓa a ɓoye. Harajin mai shi ne harajin da ya fi kowanne iya saɓewa, domin a cikin farashi yake narkewa. Ka miƙa wa yaron gidan mai dubu biyar, ya danna famfo, ka tafi. Nawa ne kuɗin man, nawa ne na gwamnati, nawa ne ribar mai gidan? Babu mai gaya maka. A ce lita naira 900 ce, kashi 5 ɗinta naira 45 ke nan. Ɗan sahun da ke shan lita goma a rana zai biya 450 kullum, 13,500 a wata, ba tare da ya taɓa ganin takarda ɗaya da ta ce ya biya haraji ba. Kuma daga aljihun fasinja zai fanshe.

Maganin ba wani abu ne mai wuya ba. A jihar Washington ta Amurka an manna takarda a jikin famfo, an rubuta nawa gwamnatin tarayya ke ɗauka a kowace galan, nawa jiha ke ɗauka. Ƙasashen Tarayyar Turai kuma tun 2018 suke sa alamar E5 ko E10 a kan famfo, don mai mota ya san yawan sinadarin ethanol da aka gauraya a man. Mu nan fa? A Fabrairun 2022 aka shigo da fetur mai methanol fiye da ƙima, injina suka lalace, layi ya dawo gidajen mai, kuma babu famfon da ya gargaɗi kowa.

Abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya shi ne awon kansa. Mun taso muna jin wa'azin masu tauye mudu, har a kasuwar hatsi mai saye yakan duba gindin tiya ko an buge shi. Amma famfo akwati ne a rufe, lambobi na gudu, sai dai ka yarda. Da yawanmu mun taɓa zuwa da jarkar lita huɗu, aka ce an zuba huɗu, ga wuri a sama kamar ba a gama ba. Hukumar NMDPRA kan rufe gidajen mai saboda wannan laifi, akwai kuma sashen awo da ma'auni a ma'aikatar kasuwanci ta tarayya. To idan famfo na tauye lita, kuma aka ɗora haraji a kan litar, talaka ya biya haraji ke nan a kan man da bai shiga tankinsa ba.

Masu gidajen mai za su ce farashi na sauyawa kullum tun da aka cire tallafi a 2023, wa zai riƙa sake takarda? Wannan uzuri ne na raini. Allon farashi ai a cikin dare ake sauya shi idan kuɗi ya hau. Kashi 5 kuwa ba ya sauyawa, sau ɗaya za a rubuta. A rubuta shi da Hausa, ba Turanci kaɗai ba, a sa ranar da aka auna famfon da lambar da za a kira, a kuma ware kuɗin harajin a rasit.

Wanda duk ya je shan mai a makon nan, ya duba jikin famfon, ya nemi rasit, ya zo ya rubuto mana abin da ya gani da amsar da aka ba shi. Kada a kama sunan gidan mai.