Tallafin gini a Amurka: shin wurin ibada na da rabo?

Jihohin Amurka da dama suna ware kuɗi domin ƙungiyoyin da ba riba suke nema ba, su gina ko su gyara wuraren da jama'a ke amfana da su a unguwannin talakawa, kamar makarantar yara, ɗakin shan magani da wurin rabon abinci. Kuɗin na gini ne da kayan aiki, ba a biyan albashi da su. Tambayar da ta daɗe tana jawo jayayya ita ce, idan ginin na masallaci ne ko coci fa?

A jihar Missouri aka gwada ta. Jihar tana da shirin da ke mayar wa ƙungiyoyi kuɗin shimfiɗa robar tsofaffin tayoyi a filin wasan yara, kuma talaucin unguwa yana cikin abin da ake dubawa wajen tantancewa. A 2012 cocin Trinity Lutheran da ke garin Columbia ta nema wa makarantarta. Cikin masu nema 44 ta zo ta biyar, aka ba 14, ita aka hana ta, domin tsarin mulkin jihar ya haramta ba coci kuɗin baitulmali. A watan Yunin 2017 Kotun Ƙoli, da alƙalai bakwai a kan biyu, ta ce hanin ya saɓa wa ƴancin addini. A farkon 2018 hukumar agaji ta FEMA ita ma ta buɗe wa wuraren ibada ƙofar tallafin gyara bayan bala'i.

A ganina hukuncin ya dace. Yaron da ya faɗi a kan tsakuwa ciwonsa ɗaya ne, ko filin na wa ne. Kuma abin da aka halatta wa coci ya hau kan masallaci, har da na ƴan'uwanmu mazauna can.

Sai dai Mai shari'a Sonia Sotomayor, wadda ta saɓa, tana da hujjar da bai kamata mu yi watsi da ita ba: tana tsoron cakuɗa aljihun hukuma da na addini. Wanda ya karanta yadda magabata suka yi ta gudun kyautar sarakuna ba zai ga baƙon abu a nan ba. Mai ba ka kuɗi zai nemi ganin littafin lissafinka, kuma haƙƙinsa ne.

Abin da ya fi damuna kuwa ba a kotu yake ba. Irin wannan tallafi na Missouri sai ka kashe naka tukuna a mayar maka. Ƙungiyar da ke da ajiya da akanta da takardun mallakar fili ita ke iya jira. Ƙaramin masallacin da ke haya a ƙasan bene, yana tara kuɗin wuta ranar Juma'a, da wuya ya kai ga cike takardar neman, alhali unguwarsa ce aka ce an yi shirin dominta.