Mai ƙasa biyu a karar Potiskum: haƙƙi ne, ba abin tuhuma ba

A ofisoshin Abuja, idan aka ambaci fasfo na biyu, hankali yakan tafi ga attajirin da ya zuba dala ya sayi takardar zama ɗan wani tsibiri a yankin Karibiyan, ko ɗan babban jami'in da aka haifa a asibitin Amurka. Akwai kuwa wasu masu ƙasa biyu da ba a cika tunawa da su ba. Ana samunsu ranar Laraba a karar Potiskum, ɗaya daga cikin manyan kasuwannin shanu na Afirka ta Yamma: falken da mahaifiyarsa 'yar Gaidam ce, mahaifinsa ɗan Maine-Soroa, ko dillalin da aka haifa a Damagaram ya girma a Gashuwa. Waɗannan ba su sayi komai ba, gado suka yi.

Shekaru da dama wannan gado bai zama abin damuwa ba, domin inuwar ECOWAS ta rufe kowa. Yarjejeniyar 1979 ta ba da damar shiga ba tare da biza ba, ta 1986 ta ƙara haƙƙin zama, ta 1990 kuma haƙƙin kafa sana'a. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 aka rufe iyaka, ba a buɗe ba sai Maris na 2024. Ranar 29 ga Janairun 2025 Nijar, Mali da Burkina Faso suka fice daga ƙungiyar baki ɗaya. ECOWAS ta ce za a ci gaba da zirga-zirga yadda aka saba har zuwa wani lokaci. Wannan lamuni ne, mai lamuni kuwa yana iya janyewa ran da ya ga dama.

Ko a cikin ƙungiyar ma, an ga iyakar abin da yarjejeniya ke iya yi. Dokar zuba jari ta Ghana ta 2013 ta keɓe ƙananan cinikin kasuwa ga 'yan ƙasa, ta kuma gindaya wa baƙon ɗan kasuwa jarin dala miliyan 1. Da ita aka kafa hujja wajen garƙame shagunan 'yan Najeriya a Kumasi da Accra a 2019 da 2020. A irin wannan rana, abin da ke hana kwaɗo hawa ƙofar shago shi ne shaidar zama ɗan ƙasa. Falken Potiskum mai riƙe da takardar Nijar yana sayen dabbobi a Diffa a matsayin ɗan gida, ya kama haya, ya yi rajistar kasuwancinsa. Direban tirela da mai sayar da dusa a Potiskum duk suna ci daga wannan damar, ko sun sani ko ba su sani ba.

Doka ba ta hana shi ba. Sashe na 25 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce wanda aka haifa a waje, muddin ɗaya daga cikin iyayensa ɗan Najeriya ne, shi ma ɗan ƙasa ne ta haihuwa, uwa da uba duk ɗaya. Sashe na 28 bai ƙwace wa irin wannan mutum matsayinsa don ya riƙe wata ƙasa ba. Nijar ma ta amince da zama ɗan ƙasa biyu tun 2014. Kamaru ce, a cikin maƙwabta, har yanzu ba ta yarda da shi ba.

Matsalar tana ga yadda ake kallonsa. Mutanen wannan yanki ba su manta da Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman ba, shugaban masu rinjaye na Majalisar Dokokin tsohuwar Jihar Borno, lokacin da Potiskum ke cikinta. A Janairun 1980 aka tasa ƙeyarsa zuwa Chadi bisa zargin ba ɗan Najeriya ba ne, sai da kotu ta dawo masa da haƙƙinsa. Idan haka ta faru da mai kujera a majalisa, ba abin mamaki ba ne falke ya ɓoye katinsa na biyu a ƙasan jaka duk lokacin da ya hango shinge.

Gaskiya ne akwai matsalar tsaro a kan iyakar Yobe, kuma karar Potiskum ta ɗanɗana kuɗarta a harin Mayun 2012. Sai dai wanda aka tilasta wa ɓoye takardarsa ya fi wuyar bibiya a kan wanda sunansa ke cikin rajistar ƙasashen biyu. Ya kamata kuma a gaya wa masu ƙasa biyun gaskiya: a cikin Nijar, 'yan Nijar ne, harajinta da hukuncinta na kansu, kuma hannun ofishin jakadancin Najeriya ba ya kaiwa nesa wajen kare su a can.

Aikin da ya rage na masu rubuta takardun bayani ga ministoci ne. Hukumar Shige da Fice na buƙatar umarni a rubuce zuwa ga jami'anta cewa riƙe takardun ƙasashen biyu halas ne ga ɗan ƙasa ta haihuwa. Rajistar haihuwa na buƙatar isa Yunusari, Yusufari da Machina, inda rashin takarda ke mai da ɗan gida baƙo. Hukumar Haɗin Gwiwar Najeriya da Nijar, wadda aka kafa a 1971 mai hedikwata a Yamai, ba ta dogara da ECOWAS ba, kuma a teburinta za a iya rubuta haƙƙin fatake na zama da sana'a kafin lamunin ya ƙare.