Sanin ƙwari: mazari ba fara ba ne

Idan damina ta sauka, ana ganin wasu ƙwari masu ruwan ɗorawa suna shawagi da yawa bisa gonaki. Manomi ya gan su, gabansa ya faɗi, ya ce fara ta zo. Ba fara ba ce, mazari ne.

Ga yadda ake gane shi. Jikinshi siriri ne, tsawonshi bai wuce santimita 5 ba. Idanunshi manya ne, sun kusa cika kai. Fukafukanshi 4 ne, garai-garai. Ko ya sauka bisa kara, ba ya naɗe su kamar fara. Kuma ba shi da cinya mai kauri ta tsalle.

Wannan mazari ruwan sama yake bi. Ana samun shi a manyan tabkuna irin na Madarunfa da Gidimuni da Tabalak, har da kududdufin bayan gari. Macen tana tsoma wutsiya cikin ruwa, tana zuba ƙwai. Ƴaƴan suna girma cikin ruwa wajen wata 2, sannan su yi fukafukai.

Mazari ba ya cin gero, ba ya harbi. Ƙananan ƙwari yake kamawa, har da sabro mai kawo masassara. Ƴaƴanshi ma suna cin ƴaƴan sabro cikin ruwa.

Saboda haka kada a fesa maganin fara a bakin tabki don an ga mazari. Maganin zai kashe shi, ya ɓata ruwan da bisashe ke sha. Wanda ya yi kokanto ya duba fukafukan, ko ya tambayi malamin gona.