A Gaya wa Majinyaci Abin da Za a Yi Masa

Mutumin Kongolam, garin nan na bakin iyaka a ƙaramar hukumar Mai'aduwa, idan ciwo ya kai shi ga tiyata, Daura ya kan nufa, ko kuwa a tura shi Katsina. Sau da yawa rashin sanin abin da za a yi masa ya fi wuƙar likita tayar masa da hankali. Takardar amincewa da aka rubuta da Turanci, ya dangwala mata yatsa bai san abin da ta ƙunsa ba, ba ta zama yarda ba.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta wa ma'aikacin lafiya ya bayyana wa majinyaci ciwonsa, da hanyoyin magani, da amfaninsu, da haɗarinsu, da kuɗinsu, cikin harshen da ya ke ji in da hali. Haƙƙinsa ne, ba alfarma ba ce.

Kafin aiki, za a auna jininsa, a hana shi abinci kamar awa 6, domin kada amai ya shiga huhunsa yana cikin barci. Wanda aka gaya wa dalili ba zai saci kurɓar koko ba, ba zai kuma ɓoye maganin gargajiyar da ya ke sha ba.

A ɗakin tiyata, ko dai a sa shi barci, ko a yi masa allurar baya wadda ke kashe rabin jiki yana farke. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2008 ta tanadi a tabbatar da sunansa da wurin da za a yanka, sa'an nan a ƙirga kayan aiki kafin ya bar ɗakin.

Bayan aiki, zafi da tashin zuciya ba abin tsoro ba ne, kuma tattaki da wuri yana hana jini daskarewa a ƙafa. Amma zazzaɓi, ko mugunya, ko zubar jini daga ɗinki, lalle a koma asibiti nan da nan. Wanda gidansa ke nesa ya fi kowa bukatar jin wannan kafin a sallame shi.

Ma'aikata da ɗalibai su ne ke raka iyaye asibiti, su ne kuma ke iya karanta takardar. Ya kamata su tambayi likita, su fassara wa majinyaci tsakani da Allah, kada su sa hannu a madadin wanda ke cikin hayyacinsa. Matambayi ba ya ɓata.